Yadda na bi sawun Baturen Polan da ya koya wa kakana boko

Duk wanda ya tashi a gidanmu a Zariya ya san labarin Baturen da ba Ingilishi ba. Kakanmu ya shiga soja a 1941, ya yi yaƙin Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, ya dawo gida a 1946, ya rasu ina aji huɗu na firamare. Bai cika son maganar dajin Bama ba. Labarin da ya fi maimaitawa shi ne na wani laftana da suka zauna tare a bariki kafin a tafi da su, wanda yakan tara su bayan isha'i a gaban fitilar ƙwai yana koya musu abacada da lissafi. Kaka ya iya ajami tun yana ƙarami, amma boko a hannun mutumin nan ya same shi. Da wannan bokon ya zama malamin sikelin auduga bayan yaƙi, ya kuma sa 'ya'yansa duka a makaranta, maza da mata, a zamanin da ake ɓoye yara a rumbu idan an ji masu ɗaukar 'yan makaranta sun shigo gari. Abu uku yake faɗa a kan mutumin: Turancinsa a karye yake kamar nasu, a ƙasarsu malamin makaranta ne, kuma ba shi da ƙasar da zai koma.

A 2021 Allah ya ba ni gurbin karatun digiri na biyu a Ingila. Ana saura mako uku in tashi, Gwaggo, babbar 'yar Kaka, ta kira ni ɗakinta ta buɗe adakarsa. Ta ɗauko littafinsa na sallama daga soja da wani ɗan hoto da ya yi ja don tsufa, da rubutun hannu a bayansa. Ta ce, "Ɗan nan, tunda Allah ya kai ka can, ka nemo mana shi, ko kabarinsa ne." Na amsa da to, ina ganin aikin wata ɗaya ne. Wata goma sha biyar na yi a kai, biyar daga ciki kuma na ɓatar da su ne a kan rashin sanin ƙofar da ake fara ƙwanƙwasawa. Abin da ya sa nake rubuta wannan ke nan, domin na tabbata akwai gidaje da yawa daga Sakkwato zuwa Kumasi da ke da irin wannan adaka.

Kafin in tashi na je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, na yi kwana uku ina zuwa. Ana cike takarda a rubuta abin da ake nema, a jira a ɗauko fayil. Abin da ke can mafi yawa takardun mulki ne, wasiƙun Razdan da Di'o da na En'e, na haraji da shari'a da makamantansu. Mai son sanin yadda lardinsu yake a zamanin yaƙi zai ƙaru sosai, amma jerin hafsoshin bataliya ba nan yake ba, yana wajen sojan Birtaniya. Duk da haka zuwan bai faɗi ƙasa banza ba. Wani dattijo daga cikin ma'aikatan ya karɓi littafin Kaka ya jujjuya shi, ya nuna mini abu biyu da yatsa: lambarsa ta soja mai farawa da NA, da lambar bataliyarsa. Ya ce, "Malam, ka riƙe waɗannan biyun da kyau. Bature ba ya neman soja da suna, da lamba yake nema." Na rubuta, amma ban gane nauyin maganar ba sai bayan shekara guda.

Da na isa Ingila sai na dulmiya cikin intanet. Kullum dare bayan karatu ina buga sunan yadda Kaka yake faɗarsa, ina sauya baƙi ina sauya wasali, babu abin da ke fitowa. Sa hannun da ke bayan hoton ma bai taimake ni ba, don baƙaƙen da nake gani ba su yi kama da sautin da na saba ji a bakin Kaka ba. Na fara zargin ko hoton na wani ne daban. Ashe laifin ba na hoton ba ne. Mutanen Polan suna rubuta sz su karanta sh, su rubuta cz su karanta c irin ta cinya, j a wajensu y ce, w ɗinsu tana kusa da b ko f a kunnen Bahaushe, sannan suna da wata l mai sanda a tsakiya da ake karantawa w. Kaka sauti ya riƙe, kuma ya riƙe shi daidai, ni ne nake neman rubutu da kunne. A lokacin ma ban san ɗan Polan nake nema ba. Na ɗauka ko Bafaranshe ne ko Bayahuden Jamus, ina ta bincike a jerin hafsoshin Ingilishi. Sai a watan Janairu 2022 na kai hoton wajen wata ma'aikaciyar laburaren jami'armu. Kallo ɗaya ta yi wa sa hannun ta ce sunan mutanen Polan ne, ta kuma nemo mini wata maƙala a kan hafsoshin Polan a Afirka ta Yamma.

A nan labarin Kaka ya fara zama tarihi a idona. Da Faransa ta faɗi hannun Jamus a watan Yuni 1940, an kwashe ragowar sojan Polan da ke can zuwa Birtaniya, aka ajiye su a Sikotilan. Hafsoshi sun yi yawa, ƙananan sojojin da za su jagoranta sun yi kaɗan. A daidai lokacin Birtaniya tana faɗaɗa rundunarta ta Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Janar Giffard, ga dubban sababbin sojoji ga ƙarancin hafsoshi. Sai Janar Sikorski, shugaban gwamnatin Polan mai gudun hijira a Landan, ya amince a ba da aron nasa. Daga 1941 hafsoshin Polan sama da 250 suka zo Najeriya da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Saliyo da Gambiya. A bataliyoyin Najeriya kuwa Hausa ce harshen bariki, don haka mutumin da bai gama iya Turanci ba ya sami kansa yana koyon Hausa.

A watan Fabrairu na tafi babban gidan adana takardun Birtaniya da ke Kew, a yammacin Landan. Na shiga motar haya ta dare domin ta fi jirgin ƙasa sauƙi, da safe na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Kew Gardens, daga nan tafiyar minti goma ce a ƙasa. Shiga kyauta ne, katin mai karatu ma kyauta ne, amma sai ka zo da shaida biyu, ɗaya ta suna ɗaya ta adireshi. Ni fasfo na kai da takardar banki. Ba a shiga ɗakin karatu da biro ko jaka, fensir kawai da waya, kuma an yarda ka ɗauki hoton takardu. Ba sa buɗewa ranar Litinin. Gara ka shiga kundinsu na intanet mai suna Discovery ka zaɓi fayilolinka tun kana gida, don idan sai ka je za ka nema, kowane fayil zai ci maka kusan minti arba'in kafin ya iso. Kuskurena a ranar farko shi ne na nemi rukunin WO 172, littattafan yaƙi na rundunonin da suka yi Bama. Na wuni ina karanta yadda bataliyar Kaka ta shiga daji a 1944 cikin dakarun Chindit, rundunar musamman da ke kutsawa bayan dagar Japanawa, waɗanda sunansu ne a kan barikin Chindit na Zariya da na sha wucewa ta gabansa ban san asalin sunan ba. Na ƙaru, amma mutumina ba ya ciki, don bai je Bama ba.

Bayan mako biyu na koma na nemi rukunin WO 173, na Afirka ta Yamma, shekarar 1942. Wanda duk zai duba irin wannan fayil kada ya tsaya a shafukan gaba inda ake rubuta abin da ya faru kowace rana. A can baya akwai takardar da ake cikewa a kai a kai ta jerin hafsoshin bataliya, da suna da muƙami da ranar zuwa. A cikin jerin na ga sunaye huɗu na mutanen Polan. Na ɗora hoton sa hannun kusa da su, na uku ya dace baƙi da baƙi. Na furta shi a hankali da ƙa'idar da na koya, sai na ji muryar Kaka. Sai da na fita waje na zauna bakin tafkin da ke gaban ginin kafin hannuna ya daina rawa. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai daga wannan fayil har yau. Na bi shi shafi shafi, na Afirka da na Bama duka, ban ga sunan Kaka ko sau ɗaya ba. Kowane Bature yana da suna, har wanda zazzaɓi ya kwantar kwana biyu. Mutanenmu kuwa adadi ne, a ce sojoji kaza sun iso, kaza sun kwanta asibiti, kaza sun mutu. Na zo neman baƙo na same shi cikin kwana biyu, nawa kuma da ya yi shekara biyar a cikin kaki babu shi.

Daga Kew sai Cibiyar Polan da Gidan Tarihin Sikorski, gida mai lamba 20 a Prince's Gate, yana fuskantar lambun Hyde Park. A nan gwamnatin hijira da sojanta suka bar takardunsu da tutocinsu, tunda ba su yarda su miƙa su ga gwamnatin kwaminisanci ta Warsaw ba. Ba a faɗa wa ɗakin bincikensu kai tsaye, sai ka rubuta an ba ka rana. Na jira mako uku. Yawancin masu aikin 'yan sa kai ne, 'ya'ya da jikokin sojojin, kuma takardun da harshen Polan suke. Wata dattijuwa ta zauna da ni kusan awa biyu tana karanta mini. A jerin hafsoshin da aka tura Afirka muka samu shekarar haihuwarsa, 1909, da cewa hafsan ajiya ne ba sojan sana'a ba, da kalma ɗaya a gurbin sana'a: nauczyciel. Ta ɗago ta ce mini ma'anarta malamin makaranta. Ita ce kuma ta gaya mini cewa cikakken fayil ɗinsa yana hannun Ma'aikatar Tsaron Birtaniya, a sashen takardun sojojin Polan da ke sansanin jiragen sama na Northolt.

A nan na sake tuntuɓe, kuma gaggawata ce ta jawo. Na sauko da fam ɗin na cike na aika, ban karanta sharuɗɗan da kyau ba. Bayan wata guda ya dawo mini: babu takardar shaidar mutuwa. Ƙa'idar a lokacin ita ce idan mutum bai kai shekara 116 da haihuwa ba, sai ka nuna shaidar ya rasu. Idan kuma ba a yi shekara 25 da rasuwarsa ba, ba za a ba ka cikakken bayani ba sai da izinin magajinsa. Ni ko shekarar rasuwarsa ban sani ba. Sai na koma jerin mace-mace na Ingila da ke intanet, tunda yanzu ina da rubutun sunan daidai da shekarar haihuwa, na same shi a 1987. Na sayi takardar shaidar daga babban ofishin rajista a kan fam 11, ta iso cikin mako biyu. Na kuma duba jerin wasiyyoyi na gwamnati, na biya fam 1.50 aka turo mini kwafin wasiyyarsa, inda na ga ya bar ɗa da 'ya. Na sake aika fam ɗin da shaidar da fam 30, kuɗin bincike na wancan lokaci. Tun watan Afrilu 2023 an daina karɓar wannan kuɗi, kuma tun 2021 ake ta mayar da takardun tsofaffin sojoji daga ma'aikatar zuwa Kew, saboda haka mai nema yanzu ya fara duba inda fayil ɗin yake kafin ya aika komai.

Jiran ya ɗauki wata biyar, kuma da na zauna ina kallon akwatin wasiƙa da na gaji na bari. Sai na juya wajen Polan ɗin kanta. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne an shafe shekaru sama da hamsin ana koyar da Hausa a Jami'ar Warsaw. Ta hannun wani malamina na Zariya na samu wata ɗaliba a can, muka riƙa wasiƙa da Hausa zalla. Ita ta rubuta mini takarda da harshensu zuwa babban gidan adana takardun soja da ke Rembertów a gefen Warsaw, inda fayilolin hafsoshi na kafin 1939 suke. Amsar ta nuna ɗan manomi ne daga wani ƙauye kusa da Tarnopol, ya yi makarantar horon malamai, ya yi horon hafsan ajiya kamar yadda malamai da yawa suke yi a lokacin, yana koyar da lissafi a firamare. Na nemi Tarnopol a taswirar Polan na rasa, sai ta ce in duba Yukiren, Ternopil ake ce masa yanzu. Nan na fahimci maganar Kaka ta cewa ba shi da ƙasar komawa. Ba salon magana ba ne, ƙasar ce aka janye daga ƙarƙashin ƙafarsa.

Ita ce kuma ta nuna mini wani kundi na intanet, Indeks Represjonowanych, jerin mutanen Polan da Tarayyar Sobiyet ta kama ko ta kwashe. Kyauta ne. Jamus ta afka wa Polan ranar 1 ga Satumba 1939, Sobiyet ta shigo ta gabas ranar 17. Hafsoshin da suka faɗa hannun Sobiyet, da 'yan sanda da sauran masu ilimi, kimanin 22,000 aka harbe a bazarar 1940 a dajin Katyn da wasu wurare, kuma malaman makaranta irinsa suna da yawa a cikinsu. Shi ya tsira don ya tsallaka Romaniya. A watan Afrilu 1940 aka bi gidajen hafsoshi aka loda iyalansu a taragun kaya zuwa Kazakistan. Mun buga sunan a kundin, sai ga mace da yaro ɗan shekara uku, daga ƙauyen nan, a kwashen Afrilu. Ɗalibar ta rubuto mini, "Malam, ka yi haƙuri, ina ganin matarsa ce da ɗansa."

Fayil ɗin Northolt ya iso a watan Oktoba, shafi goma sha huɗu, rabi da Turanci rabi da harshen Polan. Busasshen rubutu ne, kwanan wata da wuri, amma idan ka jera su sai ka ga rayuwar mutum. Romaniya 1939. Faransa farkon 1940. Sikotilan bayan watan Yuni. Najeriya ƙarshen 1941. Asibiti sau biyu saboda zazzaɓin cizon sauro. Komawa Birtaniya 1943, watanni kaɗan kafin a ɗauki su Kaka a jirgin ruwa zuwa Indiya. Daga nan aka tura shi runduna ta ɗaya ta tankokin yaƙi ta Janar Maczek, wadda ta yi gumurzu a Falaise ta Faransa a watan Agusta 1944, ta 'yantar da birnin Breda na Holan a watan Oktoba, ta ƙare yaƙi a Wilhelmshaven a Jamus. Bayan yaƙi sai ya koma allo. A garin Haren na Jamus, wanda sojan Polan suka riƙe suka sa masa suna Maczków daga 1945 zuwa 1948, an buɗe makarantu domin yaran da aka fito da su daga sansanoni da wuraren aikin tilas, shi kuma yana cikin malaman. A gurbin iyali an ja layi a kan sunan matar, an rubuta ta rasu, an kuma rubuta Tengeru a gaban sunan yaron.

Tengeru sansanin 'yan gudun hijirar Polan ne kusa da Arusha a Tanganyika, Tanzaniya ta yau. Bayan yarjejeniyar Sikorski da Sobiyet ta watan Yuli 1941 an saki waɗanda aka kwashe, a 1942 kuma mutum sama da 100,000 suka fita tare da rundunar Janar Anders ta tekun Kaspiya zuwa Iran. Daga can aka rarraba mata da yara, dubbai aka kawo gabashi da kudancin Afirka. Wato a daidai lokacin da mutumin nan yake zaune gaban fitila yana koya wa kakana abacada a yammacin Afirka, ɗansa maraya yana gabashinta, uwar tana kwance a ƙasar Kazakistan, shi kuma bai san ko ɗaya ba. Na daɗe da wannan shafi a hannuna. Ban mance ba cewa kakin mulkin mallaka ne a jikinsa, hafsa ne a kan mutanen da aka ci ƙasarsu da yaƙi shekara arba'in kafin nan. Amma shi ma an ci tasa, kuma ina ganin wannan ne ya sa ya kalli sojojinsa ya ga ɗalibai. Ƙarshen yaƙin ma bai yi masa daɗi ba. A taron Yalta na Fabrairu 1945 aka bar wa Sobiyet gabashin Polan, a watan Yuli Birtaniya ta janye amincewarta daga gwamnatin hijira, a babban faretin nasara na Landan ranar 8 ga Yuni 1946 sojojin Afirka ta Yamma sun yi maci, rundunonin Polan da suka yi yaƙi tare da Birtaniya ba su yi ba. Maczek kansa, da gwamnatin Warsaw ta ƙwace masa takardar zama ɗan ƙasa, aikin sayar da abin sha ya koma yi a wani otal a Edinburgh.

Fayil ɗin soja ya tsaya a 1948, lokacin da aka sallame shi daga rundunar sake tsugunar da sojojin Polan. Sauran shekara 39 na rayuwarsa sai na neme su a wani wuri. Na koma Kew karo na uku na duba rukunin ED 128, takardun kwamitin ilimin mutanen Polan a Birtaniya, wanda aka kafa bayan dokar 1947 ya yi aiki har 1954. Sunansa yana cikin malaman wata makaranta da aka buɗe a tsohon sansanin soja. Daga nan na je laburaren POSK, cibiyar mutanen Polan da ke unguwar Hammersmith a Landan, inda aka taimaka mini na samu sanarwar rasuwarsa a jaridarsu ta Landan, Dziennik Polski. Layi shida ne, amma ta ambaci cocin da aka yi masa addu'a da makarantar Asabar da ya koyar.

Ina da adireshi a cikin wasiyyar, amma ban ga ya dace in je in tsaya ƙofar mutane da hoton mahaifinsu ba. Na rubuta wasiƙa na sa kwafin hoton, na aika wa limamin cocin, na roƙe shi ya miƙa wa iyalin idan suna nan, idan ba su so kuma shi ke nan. Kwana goma sha biyu sai waya ta shigo. 'Yarsa ce ta aure na biyu, ta kusa shekara saba'in. Ta gayyace ni gidanta a watan Disamba, ta kuma roƙi kada in sa sunansu a rubutu, shi ya sa ba ku gan shi a nan ba. Ta ce yayanta ya iso Ingila daga Tengeru a 1948 yana ɗan shekara goma sha ɗaya, uban ya je tarbarsa da hoton jariri a aljihu. Da aka rufe makarantun Polan, takardun koyarwa na uban ba su samar masa aji a makarantar Ingilishi ba, sai ya shiga masaƙa, ya yi shekara ashirin yana aikin dare. Kowace Asabar kuwa sai ya sa kwat ya ɗaura laktaye ya tafi koya wa yara harshensu da tarihinsu, ba a biyansa ko kwabo. Bai sake taka Polan ba. Ya rasu saura shekara biyu kwaminisanci ya faɗi.

Muna cikin shan shayi ta ce, "Ɗana, akwai kalmar da Baba yake faɗa mana idan muna kuka, ban taɓa sanin ma'anarta ba." Ta faɗe ta a karkace, amma na gane, haƙuri ce. Sai ta shiga ciki ta fito da wani ƙaramin littafi mai baƙin bango. Shafukan farko kalmomin Hausa ne da fassararsu, an rubuta su da ƙa'idar Polan, har shinkafa ta koma szinkafa. A baya kuma rajistar aji ce da ya ja wa layi da hannunsa: sunaye 23, kowanne da lambarsa ta soja, da alamar wanda ya zo da wanda bai zo ba, da maki. Sunan Kaka irin wanda ake samun mutum uku da shi a kowace unguwa ne, kuma biyu ne a jerin. Na ciro littafin sallama na duba lambar da dattijon Kaduna ya ce in riƙe. Na goma sha ɗaya ne. A lissafi ya fi kowa maki, a zuwa aji sau biyu kawai ya yi fashi. Na ce, "Mama, ga kakana." Ta riƙe hannuna, muka yi shiru.

Ga wanda zai bi irin wannan hanya, abin da zan ce shi ne ya fara da takardar da ke gida, ya fitar da lambar soja da ta bataliya kafin ya taɓa intanet. Kada ya nemi sunan Bature da yadda tsofaffi suke faɗarsa, ya kai rubutun wajen wanda zai gane harshen, ya bar jerin hafsoshi na WO 173 ya ba shi rubutun daidai. Ya samo shaidar mutuwa kafin ya cike kowane fam. Ya kuma sani cewa takardun mutum ɗaya a warwatse suke kamar yadda rayuwarsa ta warwatse: kafin 1939 Warsaw, zamanin yaƙi Landan, iyalinsa a kundin waɗanda Sobiyet ta kwashe, tsufansa a coci da jarida da bakin 'ya'yansa. Wanda yake gida Najeriya ko Ghana ba sai ya nemi biza ba, yawancin matakan da wasiƙa ake yinsu, Kew kaɗai ce ke buƙatar ƙafa, ita ma ana iya biyan kuɗin kwafi ko a roƙi ɗalibi ya je ya ɗauko hoto. Duk abin da na kashe, har da kuɗin mota, bai kai fam 250 ba. Idan kuma an kai ga iyali, a bi ta hannun wani, a ba su damar su ƙi.

Washegari ta kai ni maƙabartar. Ɓangaren mutanen Polan ne, duwatsu a jere, kusan kowanne an rubuta garin haihuwa da yanzu yake wata ƙasa. A ƙarƙashin sunansa ba a sa muƙamin soja ba, kalmar nan ɗaya aka sa, nauczyciel. Na kira Gwaggo ta bidiyo na juya mata wayar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in gaya wa 'yarsa cewa a zuriyar ɗalibi na goma sha ɗaya yanzu akwai malaman makaranta bakwai da likita ɗaya. Na fassara. Matar ta ba ni izinin ɗaukar hoton littafin gaba ɗaya. Sauran sunaye 22 suna hannuna da lambobinsu, a gefen wasu ya rubuta garuruwansu, akwai Katsina da Bauchi da Argungu da wani daga Damagaram, kuma na fara da na Katsinan.